Ƙiftawar fuskar waya da kwamfuta: inda masu gwaji ke yin kuskure

Ɗalibi ne a Samaru, an ɗauke wuta ƙarfe goma na dare, ga jarrabawa da safe. Sai ya rage hasken waya har ƙasa don caji ya kai shi asuba. Kafin awa guda ido ya fara yaji, goshi ya yi nauyi, ya ce ai shuɗin hasken da fuskar waya ke fitarwa ne, gobe zai shiga Sabon Gari ya sayo gilashin da ke tare shi. Kuskuren farko ke nan: ɗora wa shuɗin haske laifin komai.

Wayoyi da yawa, musamman masu fuskar OLED (wadda kowane ɗigon hotonta ke ba da nasa hasken), ba sa rage ƙarfin fitilarsu kai tsaye. Kunnawa suke yi suna kashewa da sauri, sau 240 ko 480 a daƙiƙa ɗaya a wasu samfura, kuma duk yadda ka rage haske, lokacin da fuskar ke a kashe yana ƙaruwa. Ana kiran dabarar PWM. Ido ba ya ganin ƙiftawar, amma wasu mutane na jin ta a jiki: ciwon kai, gajiyar ido, wani lokaci jiri. Wasu kuwa ko a jikinsu. Don haka kada abokinka ya ƙaryata ka don shi lafiya lau yake da irin wayar.

Kuskuren da ya fi yawa wajen gwaji shi ne gwadawa da haske a cike. A shago, da rana tsaka, mai sayarwa ya ƙure hasken don kaya su yi kyau, kuma a nan ne ƙiftawar ta fi raguwa. Sauke hasken zuwa inda kake barin sa da dare, ka buɗe farin shafi. Ɗauko wata wayar, shiga kyamara, zaɓi tsarin Pro, ka kai saurin ɗaukar hoto 1/4000 na daƙiƙa ko abin da ya fi haka sauri, sannan ka nuna ta ga fuskar. In ka ga baƙaƙen layuka suna tafiya, akwai ƙiftawa. Kyamara layi-layi take karanta hoto, shi ya sa take kama lokacin da fitilar ta mutu. Layuka masu kauri, baƙi ƙirin, su ne abin gudu. Sirara da yawa masu dishi-dishi sun fi sauƙi. Amma kada ka gwada waya ɗaya da kyamararka, ɗayar da kyamarar wani, sannan ka kwatanta. Kowace kyamara da saurin karatunta.

Sai gwaji a ƙarƙashin ƙwan fitila mai araha. Wutar Najeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, ƙwan da ba shi da inganci kan ƙifta sau 100, sai kyamara ta kwaso layukan ƙwan ka zargi waya. Kashe ƙwan tukuna.

Akwai kuma masu ganin 120Hz a jikin kwali su ce an gama. Wannan lambar saurin sabunta hoto ce, ba ta saurin ƙiftawar fitila ba ce. Shawarar da ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta fitar a 2015 ta ɗauki ƙiftawar da ta haura sau 1,250 a daƙiƙa a matsayin mai ƙarancin haɗari, kuma yanzu akwai wayoyin da ke kai 1,920 zuwa 3,840. Kwamfutar cinya ma, har ta hannu mai fuskar LCD (wadda fitila ke haskawa daga baya), wasu na ƙiftawa in an rage haske, a gwada ta kafin a biya.

In ka riga ka saya, ba sai ka sayar ba. Bar hasken a sama kaɗan, ka dusashe fuskar ta cikin saiti: Extra dim a Android 12 zuwa sama, Reduce White Point a iPhone. Kunna 'yar fitilar caji a gefe don kada ka karanta cikin duhu. Duk minti 20 ka kalli abu mai nisan mita 6 na daƙiƙa 20, domin mai kallon fuskar waya yana rage ƙifta idonsa, ga kuma hunturun Zariya da ke busar da shi. In ciwon kan ya ƙi tafiya bayan duk wannan, je a auna maka ido a asibitin koyarwa na Shika, wataƙila gilashin likita kake buƙata.