Kurakuran da Ɗaliban Sakandare Suka Fi Yi Wajen Zaɓen Aikin Gaba

Tambayi ɗaliban babbar sakandare abin da suke son zama, kafin ka rufe baki amsa ta fito: likita, lauya, injiniya, malami, ɗan sanda. Kusan ko'ina a duniya haka abin yake. Ƙungiyar haɗin kan ƙasashe kan tattalin arziki da ci gaba, wato OECD, ta duba amsoshin da 'yan shekara 15 daga ƙasashe 41 suka bayar a jarrabawar PISA ta 2018, wadda ke auna ilimin ɗalibai a ƙasashen duniya, sai ta tarar kashi 47 cikin 100 na maza da kashi 53 na mata duk sun yi cincirindo a kan ayyuka 10 kacal. Alhali jerin sana'o'in da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tsara a 2008 ya ƙunshi rukuni 436, kowanne da rassansa. Babban kuskuren ke nan, daga shi sauran suke tsirowa: ɗalibi suna yake zaɓa, bai san aikin da ke bayan sunan ba.

Ɗauki mai son zama lauya. Kotu yake hangowa, ya miƙe tsaye yana zuba hujja, alƙali na gyaɗa kai. Amma yawancin lokacin lauya a kan tebur yake ƙarewa, wajen karanta takardu masu kauri, da rubuta yarjejeniya, da tono hukuncin da wata kotu ta yanke shekara da shekaru. Wasu lauyoyin ma ba sa taka kotu sai jefi-jefi. Wanda shafi goma ke sa shi hamma gara ya san da wannan tun yanzu. Ita ma mai son likitanci farar riga take gani, ba ta ga kwanan asibiti ba, ba ta ga ranar da za ta tsaya gaban iyali ta sanar da su abin da ba sa son ji ba.

Maganin wannan ba ya cin kuɗi, kunya kawai za ka ajiye. Nemi wanda yake cikin aikin, ka roƙi rabin awa daga lokacinsa. Kada ka ce masa "Aikin nan da daɗi?", don zai ce alhamdu lillahi, magana ta ƙare. Ce masa: "Yallaɓai, jiya da hantsi me kake yi a wurin aiki?" Sannan: "Wane ɓangare ne da kana da iko za ka sakar wa wani?" Sai ta ƙarshe, wadda a ganina ta fi su duka: "Waɗanda kuka fara tare suka bari, me ya kore su?" Kuma wanda bai daɗe da fara aikin ba ya fi amfani a nan, domin shugaban wuri ya riga ya manta wahalar shekarun farko. In an ba ka dama ka wuni tare da shi a lokacin hutu, wunin nan ya fi lacca goma.

Kuskure na gaba ya fi ciwo, saboda shiru yake aukuwa. Lokacin rabon darussa, ɗalibi ya bi aboki zuwa ajin kimiyya, ko ya guje wa lissafi don ba ya jituwa da malamin. Bayan shekara biyu ko uku ya zo cike takardar shiga jami'a, sai ya tarar ƙofa ta rufu tuntuni. Wanda ya saki lissafi ya saki injiniyanci da kimiyyar kwamfuta da tattalin arziki da akanta a tashi ɗaya. Wanda ya yi sake da kemistiri ya nisanta kansa da likitanci da harhaɗa magunguna. Don haka daga ƙarshe ake faro lissafin: wane aiki, wane kwas ke kai wa gare shi, me makarantun da ke koyar da kwas ɗin suke buƙata, sannan waɗanne darussa zan riƙe bana. Sharuɗɗan a rubuce suke a shafukan makarantun na intanet, kuma suna canjawa, kada ka dogara da abin da yayanka ya gani a zamaninsa.

Akwai ma sharuɗɗan da ba na aji ba. Tuƙin jirgin sama da na ƙasa suna buƙatar idon da ke bambance ja da kore, kuma maza da yawa ba su san suna da matsalar bambance su ba sai a ɗakin gwaji. Gwajin Ishihara, wanda ake amfani da shi tun 1917, 'yan mintuna yake ɗauka: lambobi ne ɓoye cikin ɗige-ɗige masu launi. Mai burin irin waɗannan ayyuka ya fara da shi.

Batun albashi ba sai an ja shi ba. Kuɗin da ake ta yaɗawa na waɗanda suka kai ƙololuwa ne. Tambayi abin da sabon shiga yake samu, da shekarun da za ka yi kana karatu ba ka samun komai.

Wasu kuma sukan ɗauka darasin da suka fi cin maki shi ne makomarsu. Iya bayoloji daban, juriyar zama da marar lafiya daban. Frank Parsons, wanda ya buɗe ofishin ba da shawara kan sana'a a Boston ta Amurka a 1908, abu uku ya ce a haɗa: sanin kai, sanin aikin, da tunani mai kyau kan yadda biyun suka dace. Daga baya masanin halayyar ɗan Adam John Holland ya kasa sha'awar mutane gida shida: masu aikin hannu da inji, masu bincike, masu ƙirƙira, masu hidima ga jama'a, masu jagoranci da ciniki, da masu son tsari da ajiye bayanai. Da yawa daga cikin gwaje-gwajen zaɓen sana'a da ke yawo a intanet a kan wannan rabon aka gina su. Yi su, amma kada ka ɗauke su hukunci. Amfaninsu su jefo maka ayyukan da ba ka taɓa jin sunansu ba, ka je ka bincika.

Sai iyaye. Ɗalibai kan faɗa ɗayan rami biyu: ko su yi shiru su karɓi kwas ɗin da zuciyarsu ba ta ciki, ko su yi fito-na-fito. Yawancin iyaye ba sunan aikin ya dame su ba, tsoron kada ɗansu ya wulaƙanta ne. "Baba, ni dai ba na so" ba ta kawar da tsoron nan. Amma in ka zo da bayanin kwas ɗin, da tsawon karatunsa, da wuraren da ke ɗaukar waɗanda suka gama, da wani da yake cin abinci da shi wanda za su iya magana da shi, zancen ya zama na manya.

Raina sana'ar hannu kuwa, a ce ta wanda karatu ya ƙi ce, kuskure ne da wasu ƙasashe masu arziki ba sa yi. A Suwizalan kusan kashi biyu cikin uku na matasa hanyar koyon sana'a suke bi bayan karatun dole. A Jamus sana'o'i sama da 300 ake koya tsakanin makaranta da kamfani, shekara 2 zuwa 3 da rabi, ana biyan mai koyo.

Kada kuma ka rataye komai a kan kwas ɗaya. Gurbin likitanci kaɗan ne ko'ina, masu nema sun ninka shi. Zaɓi na biyu ba abin da za ka rubuta da gaggawa ranar rufe rajista ba ne. Ka bincike shi kamar na farko, kuma ya kasance darussanka na yanzu suna kai wa gare shi. Mai son asibiti yana da jinya, da gwajin jini, da ɗaukar hoton ƙashi, da gashin ƙashi, da kula da ido ko haƙori, kowanne da sharuɗɗansa da ranar rufe neman gurbinsa.