Yadda Unguwa Za Ta Nemi Kwamin Iyo da Ɗakin Fasaha a Kaduna

Idan zafin Maris da Afrilu ya kankama, yaran Kabala da Unguwar Rimi sukan gangara Kogin Kaduna, wasu kuma su faɗa kududdufai. A nan ake kwasar tsargiya, a nan kuma ruwa ke cin wanda bai iya iyo ba. Iyaye suna da gaskiya da suke neman a gina musu wurin iyo kusa da gida, domin na Dandalin Murtala ba zai ɗauki gari duka ba. Sai dai buƙatar da aka kai da fatar baki ba ta zuwa ko'ina.

Ku fara da ƙirga kanku. A zaga gida-gida da takarda, a rubuta yara nawa ne, shekarunsu, maza da mata, da abin da kowane gida zai iya biya a wata. Takardar ta bi ta hannun mai unguwa da hakimi, sannan kansila ya kai ta ƙaramar hukuma da sunan ƙungiyar ci gaban unguwa mai rajista. Ku nuna fili takamaimai, kuma kada a haƙa ko taku ɗaya sai da izinin gini daga KASUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kaduna.

Kada ku nemi kwami irin na gasar Olamfik mai mita 50. Mai tsawon mita 25 da faɗin mita 12.5 ya wadatar, zurfinsa daga santimita 90 zuwa mita ɗaya da rabi, yadda mai koyo zai iya tsayawa da ƙafarsa a gefe guda. Wannan zai ci ruwa kimanin lita 375,000.

Gini ba shi ne wahalar ba, riƙon ne. Ana so ruwan nan duka ya ratsa matatar yashi a cikin awa shida, wato famfon ya riƙa tura sama da lita 60,000 a awa. Idan wuta ta ɗauke kwana biyu ko uku da zafi, gansakuka za ta mayar da ruwan kore, har ba a ganin ƙasan kwamin, kuma ruwan da ba a ganin ƙasarsa yaro zai iya nutsewa a ciki ba wanda ya lura. Saboda haka sola ko janareta na famfo dole ya shiga cikin kuɗin gini tun farko, ba a ce sai daga baya ba.

Sai magani. Kulorin ya tsaya tsakanin miligiram 1 zuwa 3 a kowace lita, pH kuma, wato ma'aunin tsamin ruwa, tsakanin 7.2 da 7.8. A gwada safe da yamma, a rubuta a littafi. Idan pH ya haura, kulorin yakan rasa ƙarfi ko da an zuba da yawa. Idan ya faɗi, ido ya yi ja, ƙarfe ya fara tsatsa. Garin kulorin da asid kada su taɓa zama wuri ɗaya, haɗuwarsu tana tayar da iska mai kisa. Ruwan burtsatse ma a gwada shi tukuna: idan yana da sinadarin ƙarfe, da ya ji kulorin sai launinsa ya koma ruwan ƙasa. Da hunturu kuwa ƙura ce ke toshe matata, sai an yawaita wanke ta, ga busasshiyar iska tana shan ruwa. Raguwar rabin santimita kawai a irin wannan kwami ta haura lita 1,500.

Abin da ke hana rabin unguwa zuwa shi ne rashin sutura. A ɗaga katanga yadda na waje ba zai leƙa ba, a ware ranakun mata da malama mace da mai ceto mace. Mai ceto ya zauna a kujerarsa ba waya a hannu, kuma malami ɗaya kada ya haura yara goma.

Ɓangaren fasaha shi ne mai sauƙi, kuma a ganinmu da shi ya kamata a fara, tun kafin a ga bulo ɗaya na kwamin. Ɗaki ɗaya mai taga biyu, tebura, famfon wanke hannu da kabad mai makulli sun isa. Masu koyarwa suna nan cikin unguwa: marina, masu ɗinkin hula, maginan tukwane, masu zayyanar allo, ɗaliban zane. A biya su ko kaɗan ne, don aikin sa-kai yakan mutu bayan wata biyu. A sa darasi ranar Alhamis ko Juma'a da yamma, lokacin da yawancin Islamiyyu ke hutu, in ba haka ba ɗakin zai zauna wayam.

A riƙe rajistar masu zuwa da rasit na kowace naira. Bayan wata shida, a haɗa su da hotunan aikin yaran a cikin wasiƙa ta biyu zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma, tare da lissafin kuɗin wuta, magani da albashin masu ceto na shekara guda, da bayanin wanda zai biya kowanne.