Yadda ake bin gaɓar tekun Queensland da mota kai kaɗai, daga Cairns zuwa Birisben

Mai tafiya shi kaɗai ba shi da wanda zai karɓe shi tuƙi, ba shi da wanda zai ce masa "ka fara gyangyaɗi", kuma in ya yi jinkirin dawowa babu wanda zai fara cigiya. Shirin wannan tafiya ta gabashin Ostireliya duk a kan cike wannan giɓi yake. Hanyar ita ce Bruce Highway, kusan kilomita 1,700 tsakanin Cairns a arewa da Birisben a kudu, ga tsibirai jere a gefenta.

Fara da zaɓen wata. Daga Yuni zuwa Oktoba ne lokacin, domin shi ne ranin arewacin jihar: sama garau, zafi da sauƙi. Daga Nuwamba zuwa Afrilu damina ce da guguwar teku. Garin Tully da za ka ratsa yana samun ruwan sama da ya haura milimita 4,000 a shekara, kuma a Fabrairun 2025 ambaliya ta karya gadar Ollera Creek tsakanin Townsville da Ingham, hanya ta yanke. In ka tarar ruwa ya haye titi, juya. Ba ka san me ya cinye a ƙarƙashinsa ba, kuma babu mai tura ka.

Sai ka sauka a Cairns ka nufi kudu. A Ostireliya hannun hagu ake bi. Mai tafiya kudu teku na hagunsa, saboda haka duk wata kwanar da ke kaiwa bakin ruwa zai shige ta ba tare da ya tsallaka gaban manyan motoci ba. Kamfanin haya zai caje ka kuɗin ajiye mota a wani gari daban, ka tambaye shi tun kafin ka sa hannu. Ka karanta takardar inshora da kyau: yawancin motocin haya an hana hawa da su hanyar da ba kwalta, an kuma hana kai su wasu tsibiran. Idan lasisinka ba da Turanci aka rubuta shi ba, ka zo da na ƙasa da ƙasa.

Ranar farko kada ka yi nisa. Wanda ya saba da hannun dama zai kai hannu ya ba da sigina, sai ya ga waifa tana share busasshen gilashi. Wannan abin dariya ne. Wanda ba na dariya ba shi ne fitowa daga gidan mai da safe, titi fayau babu motar da za ka kwaikwaya, hannu ya koma inda ya saba. Ka liƙa 'yar takarda a sitiyari ka rubuta "hagu".

Kafin ka gangara kudu, ka ba arewa kwana biyu. Titin Captain Cook daga Cairns zuwa Port Douglas shi ne inda kwalta ke bin bakin teku sosai, daga nan a tsallake kogin Daintree a jirgin fito da ake ja da igiyar ƙarfe, a kai Cape Tribulation inda kurmi ya gangaro har rairayi. Na faɗi haka ne domin Bruce Highway kanta, gaskiya, ta cikin ƙasa ta bi. Gonakin rake za ka yi ta gani, teku sai jefi-jefi, kamar a Cardwell inda tsibirin Hinchinbrook ke tsaye a gabanka.

Yanka hanyar gunduwa-gunduwa. Cairns zuwa Townsville kusan kilomita 350 ne, Townsville zuwa Airlie Beach kusan 270. Kowanne ɗaya daga cikinsu ya ishi mutum ɗaya a yini. Zangon da ya fi gajiyarwa shi ne Mackay zuwa Rockhampton, fiye da kilomita 300 da garuruwa ƙalilan. Ka cika tanki a Mackay, ka tsaya duk bayan awa biyu ko ba ka ji gajiya ba. Tuƙin asuba da na magariba ka bar su, lokacin kangaru ke fitowa titi. Wajen Mission Beach kuma ka rage gudu saboda kasowari, wani ƙaton tsuntsu mai kama da jimina da ke tsallaka hanya bai damu da kowa ba.

Kowace safiya ka aika wa mutum ɗaya, shi dai kullum, inda za ka kwana da lokacin da zai ji daga gare ka. Akwai wuraren da waya ba ta da sabis, don haka ka sauke taswira a waya tun a masauki. Lambar gaggawa 000 ce.

Tsibiri: yawanci bar motar a gaɓa. Magnetic Island kusan minti 20 ne daga Townsville a jirgin fasinja, kuma akwai bas a can. Kyaftin Cook, matuƙin jirgin ruwa ɗan Ingila, shi ne ya raɗa masa sunan (wato tsibirin maganaɗisu) a 1770, yana zaton tsibirin ne ya rikita masa kamfas. Tsibiran Whitsunday guda 74 ana shiga su da jirgin ruwa daga Airlie Beach, a nan rairayin Whitehaven yake, kilomita 7 na farin yashi mai laushi kamar gari. Abin da za ka fara rubutawa shi ne lokacin jirgin ƙarshe na dawowa, kuma ka yi niyyar hawa wanda ke gabansa.

A jirgin da ke kai masu kallon murjanin ƙarƙashin teku, ana ƙirga kawuna kafin a tashi. A Janairun 1998 wani jirgi ya dawo ya bar mutum biyu a teku, ba a farga ba sai bayan kwana biyu, kuma ba a same su ba. Su fa su biyu ne. Kai da ka zo kai kaɗai, ka gabatar da kanka ga ma'aikatan jirgin, ka roƙa a haɗa ka da abokin iyo, ka tabbatar ka sa hannu a takardar dawowa.

Ruwan yana da masu shi. Daga kogin Boyne kusa da Gladstone zuwa arewa yankin kada ne, irin wanda ke shiga ruwan gishiri. Hukuma ta ce a tsaya aƙalla mita 5 daga bakin ruwa, kuma rashin allon gargaɗi ba ya nufin babu kada. Daga Nuwamba zuwa Mayu akwai wata halitta mai kama da farar leda, mai dogayen zaruruwa masu dafin da ke iya kisa. Shi ya sa za ka ga kwalbar ruwan khal a rairayi da yawa: a kwarara shi a wurin harbin na aƙalla daƙiƙa 30, a kira 000, kada a murza. Ka yi iyo ne kawai tsakanin tutoci masu ja da rawaya, inda masu ceto ke kallo.

K'gari a ƙarshe, kuma da dabara. Shi ne tsibirin yashi mafi girma a duniya, tsawonsa kusan kilomita 120. Da Fraser Island ake ce masa, a 2023 aka mayar masa da sunan da mutanen Butchulla, 'yan asalin tsibirin, ke kiransa. A nan rairayi ne titi. Sai jif mai jan taya huɗu, da takardar izinin mota, a rage iskar taya, kuma a yi tuƙi cikin awa biyu kafin ko bayan janyewar ruwa. In teku ya ciko, yashi mai tauri ya nutse, sai mai laushi da ke haɗiye taya. Ga kuma karnukan dajin dingo, waɗanda doka ta hana ciyar da su, kuma sun fi kusantar wanda ke tafiya shi kaɗai.

Ra'ayina a nan a fili yake: in ba ka taɓa tuƙi a yashi ba, ka ajiye motarka a Hervey Bay ko Rainbow Beach, garuruwan gaɓa da ke kusa da tsibirin, ka bi ayarin da jagora ke ja. Tono taya da shebur kai ɗaya, ruwa na matsowa, ba shi ne abin da ya kawo ka ba. Daga Hervey Bay zuwa Birisben saura kusan kilomita 290. Ka tashi da hantsi, ka cika tanki kafin ka mayar da motar, ka ɗauki hoton jikinta ta kowane gefe kafin ka miƙa makulli.