Kurakuran da Ke Hargitsa Jerin Gunduma, Ƙauye da Unguwa a Rumbun Bayanai

A damanar bara, wata ƙungiyar manoma da nake riƙe wa lissafi a wani ƙauye kusa da Ringim ta buƙaci jerin sunaye domin rabon taki. An tsara bayanan yadda sarauta take: masarauta, sai gundumar hakimi, sai ƙauyen dagaci, sai unguwa, kuma kowane layi yana ɗauke da lambarsa da lambar wanda ke samansa. Da aka buga takardar, sai ga unguwanni sun rabu da ƙauyukansu. Sakataren ya riƙe ta yana juyawa ya ce, "Malam, ai wannan tuwo ne aka zuba a miyar wani."

Kuskure na farko shi ne zaton cewa rumbun bayanai zai dawo da layuka yadda aka shigar da su. Harshen SQL, wanda ake ba rumbun bayanai umarni da shi, bai taɓa yin wannan alkawari ba. Idan babu ORDER BY, wato umarnin jerawa, a umarni na waje, tsarin da aka gani yau sa'a ce, kuma yana iya canzawa gobe da zarar teburin ya girma. Haka nan jerawa a cikin ƙaramin umarni na ciki ba ta ɗaure na waje.

Na biyu shi ne wanda ya kama ni. A manhajar rumbun bayanai ta Oracle, inda ake bin rassa da START WITH da CONNECT BY, mutum yakan ƙara ORDER BY da suna yana ganin ya gyara, alhali ya rushe zuriyar gaba ɗaya, domin masarauta da unguwa sun zama sa'o'in juna a jeri guda. Maganinsa shi ne ORDER SIBLINGS BY, wanda ke jera 'yan uba ɗaya kaɗai ya bar kowa a ƙarƙashin ubansa. A wasu manhajojin kuwa ana bin rassan da WITH RECURSIVE, wanda PostgreSQL ta samu a 2009, SQLite a 2014, MySQL kuma a siga ta 8.0. A nan dole ne mutum ya gina hanya da kansa, wato kowane layi ya gaji hanyar ubansa ya ƙara tasa lambar, sannan a jera da wannan hanya a ƙarshe. PostgreSQL 14 ta sauƙaƙa aikin da SEARCH DEPTH FIRST, amma ko da ita sai an rubuta ORDER BY a waje.

A kan hanyar nan ne aka fi yin tuntuɓe. Idan aka haɗa ta a matsayin rubutu, kwamfuta tana duba harafi bayan harafi, saboda haka 10 takan riga 2. Gundumar da ke da ƙauyuka tara ba za ta nuna matsalar ba, sai ranar da aka ƙara na goma. A cike gurbin da sifili ta LPAD, umarnin da ke ƙara ciko a hagun rubutu, 2 ta zama 0002, 10 ta zama 0010, ko kuwa a PostgreSQL a tara lambobin a ARRAY, wato jerin da ke riƙe su a matsayin lambobi ba rubutu ba, wanda ni na fi so domin ba ya buƙatar a yi hasashen tsawon lamba.

Sai maimaicin suna. Sabon Gari da Tudun Wada da Unguwar Liman ba su ƙirguwa a Kano da Jigawa, kuma idan biyu suka faɗo ƙarƙashin uba ɗaya, 'ya'yansu za su cakuɗe in da suna kaɗai aka gina hanyar. A liƙa wa kowane suna lambarsa.

Akwai kuma haruffanmu masu lanƙwasa. Idan ana jerawa da lambar da kwamfuta ke ba kowane harafi zalla, Ɓ da Ɗ da Ƙ suna komawa bayan Z, sai a nemi Ƙofar Gabas a kusa da K a rasa. PostgreSQL tun siga ta 10 tana iya aiki da ICU, kundin ƙa'idojin jerin haruffa na harsuna daban-daban, wanda ke da ƙa'idar jeri ta Hausa, sai a zaɓe ta ga ginshiƙin suna kafin a sake buga takardar.