Kalmomin Turanci ma suna da abokan tafiya: kurakuran masu neman aiki

Ɗan yayata ya gama bautar ƙasa, ya same ni a ƙofar gida bayan magariba ya miƙo wayarsa mai fasasshen gilashi. "Kawu, don Allah duba mini takardar nan kafin in tura." A layin farko ya rubuta "I am writing to apply a job". Can ƙasa, inda yake yabon kansa, ya ce "I rarely do mistakes", wai shi ba ya cika yin kuskure. Na ce masa, "To ga biyu nan tun ba mu je ko'ina ba."

Babu kalmar da ya rubuta wadda ba Turanci ba ce. Haɗin ne bai zauna ba. Kowane harshe yana da kalmomin da suka saba tafiya tare, abin da masana ke kira "collocation". Wani masanin harshe ɗan Ingila, J. R. Firth, ya faɗa a 1957 cewa ana gane kalma ne ta abokan zamanta. Mu ma haka muke: ana shan iska, ana cin bashi. In baƙo ya ce zai fita ya ci iska, ko ya sha bashi, ka gane nufinsa sarai, amma sai ka yi murmushi. Irin murmushin nan mai ɗaukar aiki yake yi idan ya ga "do mistakes".

Babban tarkon Bahaushe shi ne kalmar "yi". A wurinmu ita ce jakar magori: mu yi kuskure, mu yi ƙoƙari, mu yi taro, mu yi hutu. Turanci kuwa ya rarraba wannan kaya. Ana cewa "make a mistake", "make an effort", "make progress", "make a complaint", "make an appointment". Yanke shawara ma "make a decision" ne, cin riba kuma "make a profit", babu yanka babu ci a ciki. A ɗaya ɓangaren akwai "do business", "do research", "do overtime", "do a course". Malamai kan ce "make" na abin da ka samar ne da can babu shi, "do" kuma na aikin da ka aiwatar. Dokar tana taimakawa, amma tana yoyo: ɓarna abu ce da ka jawo, duk da haka "do damage" ake cewa. Ni dai ban ga abin da ya kai haddace haɗin ɗungurungum ba.

Akwai kuma "yi" ɗin da ba ya shiga ko ɗaya. Yin taro "hold a meeting" ne ko "have a meeting". Ɗan hutun rana "take a break". Zuwa hutun shekara "go on leave". Cika aiki kafin wa'adi "meet a deadline".

Sai kalmar aiki ita kanta. Turanci yana da "work" da "job". Ana ƙirga "job", ba a ƙirga "work". Wanda ya samu aiki zai ce "I got a job", wanda aiki ya yi wa yawa ya ce "I have a lot of work". "I got a work" ba ya shiga ko ta ina. Haka "advices" da "equipments", kai har "staffs" da ake gani a sanarwar ofisoshi. Ma'aikaci ɗaya "a member of staff" ne, shawara ɗaya "a piece of advice".

Ƙananan kalmomin nan masu bin aikatau su ma suna kayar da manya. Ana "apply for a job", amma "apply to a company". Muna tattaunawa a kan abu, shi ya sa hannu ke zamewa ya rubuta "discuss about". A bar "about" ɗin, "discuss the budget" ya wadatar. "Attend a meeting" halartar taro ne, "attend to a customer" kuwa kula da mai sayayya. "Responsible for" yana nuna abin da ke wuyanka, "responsible to" yana nuna wanda ke samanka. Aro kuma, mai karɓa ne ke "borrow", mai bayarwa "lend", don haka ara mini biro "lend me your pen" ne.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne maganar barin aiki, domin shi kan iya hana mutum abincinsa. Na taɓa zama cikin masu tantance ma'aikata a wani kamfani. Wani dattijo mai natsuwa, da takardunsa a cikin koren fayil da ya sha hannu, aka tambaye shi me ya raba shi da wurin da ya baro. Ya ce "I was sacked". Nan take na ga shugabar zaman ta ajiye biro. Sai da na sa baki da Hausa na ce, "Baba, laifi aka ce kun yi?" Ya ce, "Subhanallahi, ɗana, masaƙar ce ta rufe, aka sallame mu gaba ɗaya." Ashe abin da yake nufi "I was laid off" ne, ko "I was made redundant" kamar yadda ake faɗa a Ingila. "Sacked" da "fired" kora ce, mai jin su laifi zai fara kawowa a ransa. Wanda ya ajiye aiki don kansa kuwa "I resigned from my job" zai ce, kada ya manta da "from".

Wasu haɗe-haɗen kuma Turancin Najeriya ne, ba na kiran su kuskure kai tsaye. A nan sabon ma'aikaci kan ce "I will resume on Monday", alhali a Ingila "resume" komawa ne kan abin da aka dakatar, sabon shiga "start work" yake yi. Mukan ce "round up the meeting", su kuma "round up" a wurinsu tattaro mutane ne ko kame irin na 'yan sanda. Rufe taro "round off" ne ko "wrap up". A watan Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomin Najeriya 29, cikinsu har da "Kannywood" da "send-forth", wato walimar bankwana da ma'aikaci. Ke nan babu abin kunya a Turancinmu. Sai dai ka san wa zai karanta. Takardar da za ta tsaya a Kano daban, wadda za ta je Landan daban, kuma masu duba jarabawar IELTS, wadda ake gwada ƙwarewar Turanci da ita, suna lura da yadda ka haɗa kalmomi wajen ba da maki.

Gyaran ba wuya, sai dai naci. Ka daina rubuta kalma tilo a littafinka. In ka tsinci "salary", rubuta ta da 'yan rakiyarta: "earn a salary", "pay a salary". Ka riƙa karanta tallan guraben aiki kana tsamo irin su "gain experience" da "work under pressure", tunda da harshensu za a yi maka tambaya. Akwai ƙamus da aka yi musamman don wannan, Oxford Collocations Dictionary, wanda ya fara fitowa a 2002. In ba ka same shi ba, buɗe ƙamus ɗin Cambridge a intanet, ka tsallake ma'ana ka karanta jimlolin misali da ƙarfi har bakinka ya saba.

Mun gyara takardar yaron har an kira isha'i. Ya karɓi waya zai tura, idona ya faɗa kan layin ƙarshe: "I look forward to hear from you". Na ce, "Dakata, mayar da shi 'hearing'." Ya ce, "Kawu, ai bayan 'to' ba a sa 'ing'." Na ce a nan ana sawa, mu je masallaci, in mun dawo na nuna maka.