Kurakuran da aka fi yi wajen tura fayiloli tsakanin kwamfutoci biyu ta kebul

Na gaji da jin koke iri ɗaya daga masu son kwashe fayiloli daga wata kwamfuta zuwa wata a cikin gida: an soka kebul ɗin Ethernet a nan, an soka a can, fitila ta kama, amma kwamfutocin sun ƙi ganin juna. Kusan kullum kebul ake ɗora wa laifi, har a tafi neman wanda aka sarƙe wayoyinsa musamman don wannan aiki. A zamanin tsofaffin katunan sadarwa, wato ɓangaren kwamfuta da ake soka kebul ɗin a ciki, masu gudun megabit 10 ko 100 ne ake buƙatar irinsa. Katunan gigabit na yanzu, wato masu gudun megabit 1,000, suna gane wayoyin su daidaita kansu, don haka kebul na yau da kullum, Cat5e ko Cat6, ya wadatar muddin bai wuce mita 100 ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne haɗa kwamfutoci biyu da wayar USB mai faffaɗan baki a kowane gefe, domin idan ba wadda aka ƙera da na'urar sulhu a tsakiyarta ba ce, tana iya lalata ramukan.

Matsalar gaskiya tana farawa ne daga adireshi. Tunda babu rauta a tsakani, wato na'urar da ke raba intanet a gida, babu mai raba wa kwamfutocin adireshin IP, lambar da ake gane kowace kwamfuta da ita, sai Windows ta laƙaba wa kanta wani mai farawa da 169.254. Yakan yi aiki, amma ni ba na dogara da shi. Na saba shiga wurin saita adireshin IP a Windows in ba ɗaya 192.168.50.1, ɗayar kuma 192.168.50.2, tare da 255.255.255.0 a layin da ke ƙasa, in bar gurbin gateway, inda ake saka adireshin rauta, babu komai. Masu koyo kan rubuta lamba ɗaya a duka biyun, ko su zaɓi jerin da Wi-Fi ɗin gidan yake amfani da shi, kamar 192.168.1, sai kwamfutar ta rasa ta wace hanya za ta bi. Bayan an saita, a rubuta \\192.168.50.1 a saman File Explorer na kwamfuta ta biyun maimakon a zauna jiran sunan kwamfutar ya bayyana, domin hakan ne yake tabbatar da cewa ta kebul fayilolin za su bi, ba ta Wi-Fi ba.

Idan har yanzu ba a samu shiga ba, yawanci Windows ce ta ɗauki wannan haɗi a matsayin Public, wato hanyar da ba ta amince da ita ba, ta toshe rabon fayiloli. A nan ne mutane suke yin abin da ya fi ɓata mini rai. Wani ya kashe katangar tsaro ta Windows, wato firewall, gaba ɗaya, wani ya tono tsohon tsarin rabon fayiloli mai suna SMB1 ya kunna saboda ya ga an ce haka ake yi, kuma da zarar aiki ya yiwu babu mai komawa ya gyara. Ta kafar SMB1 ɗin nan ce cutar WannaCry ta bazu a duniya a watan Mayun 2017, kuma ba don wasa ba Microsoft ta daina saka shi a sababbin Windows. Kwamfutar da aka tuɓe wa tsaro yau ita ce za a hau intanet da ita gobe. Gyaran bai wuce a mayar da haɗin Private a duka kwamfutocin ba, sannan a kunna rabon fayiloli a wannan ɓangaren kaɗai. Mai neman HomeGroup, tsarin Windows na haɗa kwamfutocin gida don rabon fayiloli, kuma ya hutar da kansa, an cire shi daga Windows 10 tun 2018.

Kalmar sirri ma tana kayar da mutane. Windows ba ta barin a shiga ta hanyar sadarwa da asusun da ba shi da kalmar sirri, kuma lambar PIN da ake buɗe kwamfuta da ita ba ta aiki a nan, sai ainihin kalmar sirrin asusun.

Kuskuren da ya fi kowanne tsada shi ne ba da cikakken izini. Mutum ya gaji da saƙon hana shiga, sai ya raba faifan C sukutum, ya ba kowa ikon rubutawa da gogewa. Abin da bai sani ba shi ne, fayil ɗin da aka goge daga ɗaya kwamfutar ta cikin foldar da aka raba ba ya zuwa kwandon shara, tafiya yake yi ke nan. Ta haka na rasa hotuna da takardun shekaru: wani ɗan uwa da yake taya ni kwashe kaya ya ga folda biyu masu suna ɗaya, ya ɗauka kwafin yake gogewa, ashe asalin ne. Tun daga nan ba na raba komai sai folda guda, kuma da izinin karantawa kawai. Ina zama a kan kwamfutar da za ta karɓa in jawo fayilolin, kuma kwafa nake yi, ba yankewa ba. Ba na taɓa asalin sai na gwada yawan fayiloli da girmansu a ɓangarorin biyu, na kuma buɗe wasu na gani da idona. Wasu za su ce wannan wahalar da kai ce, su suka sani.

Saura ƙananan abubuwa. Gigabit yana ba da kimanin megabait 110 a daƙiƙa, don haka wanda ya ga 11 ya duba kebul ɗinsa, domin gigabit yana buƙatar duka wayoyi 8 na ciki, kuma tsinkewar ɗaya tana iya mayar da gudun zuwa megabit 100. Dubban ƙananan fayiloli sun fi babba guda jinkiri, gara a dunƙule su wuri ɗaya kafin a tura. A hana kwamfutocin yin barci har a gama. Idan kayan suna da yawa ni robocopy nake amfani da shi, wato umarnin kwafar fayiloli da ake rubutawa a Windows, da /E domin ya haɗa da foldojin ciki, da /Z domin ya ci gaba daga inda ya tsaya idan haɗin ya yanke. A guji /MIR sai an fahimce shi sosai, domin yana goge duk abin da ya tarar a foldar da ake kwafewa ciki wanda babu shi a ta asali.