Tara fastocin finafinan almarar kimiyya: kurakuran da ke cin kuɗi, da waɗanda ke cin takardar kanta

Fastar farko da na lalata ta La Planète des singes ce, fim ɗin nan na 1968 da birai ke mulkin duniya. Wani dattijo a nan Garwa, wanda ya yi aikin haska fim tun gidajen silima na ci, shi ya ciro mini ita daga ƙasan adakarsa, a ninke kamar zanen da aka ajiye don biki. Da muka warware ta sai da ta kusa rufe tabarmar da muke zaune a kai. Na ce, "Baba, ai duk ta yi layi-layi, ga kuma hujin ƙusa a kowace kusurwa." Ya ce, "Ɗana, haka suke zuwa tare da fim. Wadda ka gani ba layi, ka tambaye ta inda ta kwana."

Ban ɗauki maganar da nauyi ba. Washegari na kai ta wani shagon masu firam, aka datse farin gefenta don ta daidaita, aka shafe bayanta da gam aka manna a jikin filawud, aka lulluɓe da leda. Na biya ina murna. Sai daga baya na gane cewa gyaran gangar Auzinawa na yi: gefen da aka datse nan ne sunan maɗaba'ar yake, gam ɗin kuwa ba ya fita har abada.

Yawancin kurakuran wannan harka daga wuri ɗaya suke fitowa. Idon da muke sayen atamfa ko waya da shi, mai son sabo da sheƙi, shi muke kawowa wurin fasta, alhali a nan sau da yawa mai sheƙin ita ce jabu.

Ninki ba aibi ba ne

A Amurka, har zuwa farkon shekarun 1980, fastar da ake aika wa gidajen silima a ninke take fita, ninki ɗaya a tsaye, uku a kwance. Daga baya ne aka koma naɗe ta a bututu. Faransa kuwa ta ci gaba da ninke manyan fastocinta har bayan haka da daɗewa. Don haka idan aka nuna maka fastar fim na 1956 ko 1968 a miƙe sumul, ba layi ko ɗaya, aka ce ta asali ce, to mai sayarwa ne ke da bayanin da zai yi. Ana samun tsofaffi da ba a taɓa ninkewa ba, amma ƙalilan ne, kuma ba a sayar da su da araha.

Wannan ya fi shafar mu fiye da masu tarawa na wasu ƙasashe. Finafinan da suka zo Kamaru da Cadi ta hannun kamfanonin Faransa suka biyo, irin su COMACICO da SECMA da suka riƙe rarraba fim a ƙasashen renon Faransa har cikin shekarun 1970. Shi ya sa abin da ke ɓoye a adakokin tsofaffin ma'aikatan silima a Garwa, Marwa, Ngaundere da Njamena afish ne na Faransanci, kamar yadda suke kiransa, ba na Ingilishi ba. Gidajen silimar sun mutu ɗaya bayan ɗaya, uku da suka rage a Kamaru a lokacin, wato Abbia a Yawunde, Wouri a Duwala da Empire a Bafusam, an rufe su a Janairun 2009. Normandie ta Njamena sai a 2011 aka sake buɗe ta bayan shekaru a rufe. Takardun da suka tsira suna hannun mutane, ba a kanti ba. Na sha ganin matashi ya raina irin wannan, wai ta tsufa kuma Faransanci ce, ya je ya zuba kuɗi a intanet kan sabon bugu da aka yi jiya.

Ka tafi da tef ɗin tela

Kuskuren da ya fi sauƙin gyarawa shi ne saye ba awo. Kowace ƙasa tana da girmanta. Babbar fastar Faransa santimita 120 ce a 160, akwai matsakaiciya 60 a 80, da ƙarama wajen 40 a 60. Ta Amurka inci 27 a 41 ce, wato kusan santimita 69 a 104, har tsakiyar shekarun 1980, sannan ta koma 27 a 40. Ta Ingila a kwance take, inci 30 tsayi, 40 faɗi. Ta Japan da aka fi sani santimita 51.5 a 72.8.

Wadda ake bugawa don sayarwa a kanti kuwa galibi inci 24 a 36 ce, santimita 61 a 91. Idan fastar tsohon fim ta fito a wannan girman, ta ado ce kawai. Ba laifi ka saya ka rataya, laifin shi ne ka biya mata kuɗin ta asali.

Bayan awo, karanta ƙananan rubutun gefe. Tsofaffin fastocin Amurka suna ɗauke da lambar kamfanin National Screen Service a ƙasa, lambobi biyun farko su ne shekara. Ta Star Wars 77/21 ce. Idan ka ga harafin R kafin shekarar, an buga ta ne don sake haska fim ɗin, ba fitowar farko ba. Ita ma ta asali ce, amma farashinta daban. Haka fastocin da Drew Struzan ya zana wa Star Wars a 1997: na gaske ne, amma na 1997 ne, kada wani ya sayar maka da su a matsayin na 1977. A na Faransa ka nemi sunan maɗaba'a a gefe, irin su Lalande-Courbet.

Sai ka juya bayanta. Buga hoto gaba da baya, na bayan a juye, don akwatin fitila na silima, ya yaɗu ne daga wajen 1990. Fastar da ake cewa ta 1977 ce amma tana da hoto a baya ta tona wa kanta asiri. Sai dai kada ka ɗauka duk mai fuska biyu ta gaske ce, masu jabu ma sun iya.

Dabarar da na fi dogara da ita ita ce kyamarar waya. Ka kusanto da ita sosai a kan fuskar wani ɗan wasa ka ƙara girma. Bugun maɗaba'a na gaske yana nuna ɗigo-ɗigo a jere cikin tsari, kamar ƙananan furanni. Na injin da ke buga banar ɗaurin aure yana nuna feshi barkatai. Sannan ka duba ƙananan sunayen ma'aikatan fim a ƙasa: a ta asali bakin haruffan kaifi ne da su, a kwafi sun yi dishi-dishi, saboda hoton hoto ne.

Wasu jabun sun tsufa har sun yi suna. Akwai kwafin fastar Star Wars, zanen Tom Jung, da ake gane shi da wani siririn gashi da ya fito a kan bel ɗin Luke, jarumin fim ɗin, gashin da ya faɗa kan hoton lokacin da ake kwafa. Fastar Revenge of the Jedi, wadda aka buga a 1982 kafin a sauya sunan fim ɗin zuwa Return of the Jedi, tana cikin waɗanda aka fi yi wa jabu a duniya. Duk wanda ya kawo maka ita a sefa dubu goma, araha ba ta ado.

Takardar shaida da ake haɗawa da kaya, mai hatimi da ruwan zinare, ba ta ƙara komai. Wanda ya iya buga fasta ba zai kasa buga takardar shaida ba. Sa hannun ɗan wasa ma haka.

"Bugu ƙayyadadde" da ba a ƙayyade ba

Wannan wani fanni ne daban, kuma nan ne sababbin shiga suka fi rikicewa. Waɗannan fastoci ba su taɓa zuwa silima ba. Mai zane ne ke yin sabon hoto na tsohon fim, a buga adadi kaɗan, a sayar. Kamfanin Mondo na Austin a jihar Texas shi ya fi yin suna a kai. Fastoci uku na Star Wars da Olly Moss ya yi musu a 2010, kowacce guda 400 aka buga. Yawanci su ma inci 24 a 36 ne, don haka awo ba zai raba maka gardama a nan ba.

Abin da zai raba shi ne hannu da ido. Mafi yawansu da irin dabarar masu buga rubutu a riguna ake yin su, launi ɗaya bayan ɗaya ta cikin raga, a kan takarda mai kauri. Fentin yana zama a saman takardar har kana jin sa da yatsa, kuma babu ɗigo-ɗigon maɗaba'a. A kusurwar ƙasa akwai lamba da fensir, misali 112/300: ta 112 cikin 300. Idan ba a faɗi adadin da aka buga ba, kalmar "ƙayyadadde" talla ce kawai. Haruffan AP na nufin kason mai zanen ne da yake sayarwa da hannunsa. Kada kuma ka ƙara kuɗi mai yawa don lambar ƙarama ce, ta 5 da ta 250 rana ɗaya aka buga su. Kafin ka biya, ka shiga shafin mai zanen ko na kamfanin ka ga shekara, girma da adadi sun yi daidai da abin da ake nuna maka.

Maganar kuɗi a taƙaice. Kowa ya ji labarin fastar Metropolis ta 1927, zanen Heinz Schulz-Neudamm, da aka sayar dala 690,000 a 2005, sai ya ɗauka adakar kakansa ma'adana ce. Huɗu kacal aka sani sun rage daga irinta. Farashin da mutum ya rubuta a eBay fata ne, ka duba wanda aka riga aka sayar. Heritage Auctions da eMoviePoster suna ajiye sakamakon gwanjonsu na baya, nan ne za ka ga gaskiya. Ka kuma lissafa da kyau: yuro 100 sefa 65,596 ne, kafin kuɗin aike da na duwan, wato kwastan, waɗanda kan kai kuɗin fastar ko su wuce. Tura kuɗi ta waya ga wanda ka sani a Facebook kawai, bisa hoto ɗaya, cinikin biri a sama ne. Ka nemi hoton baya, na kusurwoyi huɗu, da na tef a shimfiɗe a kai.

Abin da yanayinmu ke yi wa takarda

Masu ba da shawara a intanet ba su san ɗakin kwano a watan Afrilu ba, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Garwa da Njamena. Ba su san gara ba. Don haka nan sai mun yi wa kanmu tunani.

Salatif shi ne babban maƙiyi. A zafinmu gam ɗinsa yana narkewa ya shige cikin takarda, ya bar tabo ruwan ƙasa da ba ya fita. Laminatin ya fi shi muni, domin ba a warware shi. Guga don kashe layin ninki tana ƙona takarda ta sa fenti ya tsattsage. Ƙa'idar da masu gyara na gaske ke bi ita ce kada a yi wa fasta abin da ba za a iya kwancewa ba. Su ma idan za su miƙar da ita, da kunun sitaci na alkama suke manna ta a kan takarda marar tsami da yadin auduga, ta yadda ruwa zai iya raba su. Idan babu mai wannan sana'a kusa da kai, ka bar yagewar yadda take. Fasta mai yagewa tana da daraja, mai gam ta mutu.

Wadda ta zo a ninke ka bar ta a ninke, ka rage buɗe ta. Kowane buɗewa yana cin mahaɗar layukan, nan ne hujin farko ke fitowa. Lokacin hunturu takarda tana bushewa ta yi ƙaras, sai a hankali, a kan shimfiɗa, da hannu busasshe. Ƙura da burushi mai laushi ake kaɗe ta, ba da jiƙaƙƙen tsumma ba. Da damina kuma laima ke kawo fumfuna da ɗigon tsatsa. Kada ka naɗe ta a jarida, tawada tana kamawa. Kada ta taɓa jikin adakar ƙarfe kai tsaye, ka sa farar takarda mai kyau tsakani, ka jefa 'yan ƙunshin nan masu shan laima da ke zuwa a kwalin takalmi. Adakar kuma ta hau kan wani abu mai tsayi, nesa da bango, saboda gara da kuma ruwa. Mutanen Njamena da Kusiri da suka ga ambaliyar 2022 da ta 2024 ba sa buƙatar a tuna musu.

Rana tana cin ja da rawaya kafin sauran launuka, shi ya sa tsofaffin fastocin shagunan aski duk suka koma shuɗi. Idan za ka sa firam, kada gilashi ya taɓa takardar, a bar tazara, kada kuma a manna bayanta. Ga babbar ta Faransa, shawarata ita ce ka ɗauki hotonta mai kyau, ka kai wa masu buga bana su fitar maka da kwafi ka rataya a falo, ta asalin ta zauna a duhu.

Tafiya da ita a mota ma sai da shiri. Bututun kwali ba ya jure zama ƙarƙashin buhun gyaɗa a saman mota daga Ngaundere zuwa Marwa. Guntun bututun famfo mai faɗi, da murfi a kowane baki, ya fi shi, amma na tafiya ne kawai, da ka isa ka fitar da ita. Mai ninki kuma ba a naɗe ta, tsakanin kwali biyu masu ƙarfi take tafiya.

Da na koma wurin dattijon bara, na tafi da tef da fararen takardu. Yawancin abin da ya rage a adakar na Indiya ne da na karate, na almarar kimiyya biyu kacal. Ya miƙa hannu zai warware ɗaya, na ce, "Baba, bari mu fara share tabarmar." Ya dube ni ya yi dariya, ya ce, "Wacce ka kai wa mai gam fa?" Tana nan a bangon ɗakina, na ce masa, gara ta shiga ta bayan filawud ɗin ta cinye rabin sunan fim ɗin.